Tayar Ƙanƙara a Kan Kwaltar Legas: Gaskiya da Jita-jita

Akwai maganar da ke yawo a bakin direbobi a Agege, daga Sango har Oko-Oba: wai tayar Beljiyam (ta hannu da ake shigowa da ita) mai zurfin zane da ƙananan tsage-tsage ta fi kowace taya ƙarko, tunda Turawa sun yi ta ne don ta taka ƙanƙara. Samari masu motoci masu gudu ma sun hau kan zancen.

Gaskiya ne don ƙanƙara aka yi ta. A Jamus, tun 2010 doka ta tilasta sa irinta idan titi ya yi ƙanƙara. Za ka gane ta da hoton dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon dusar ƙanƙara a ciki, a gefen tayar. Haruffan M+S su kaɗai ba hujja ba ne, don ana samunsu a tayoyin kowane yanayi da na manyan jif.

Zancen ƙarko kuwa ƙarya ne. Robarta mai laushi ce, an haɗa ta ne don kada ta sandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Legas kuwa da rana tana kai digiri 30, kwalta ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. A nan robar sai ta ƙara saki, ta cinye da wuri, birki ya ƙi kamawa a kan lokaci, mota ta riƙa lilo a kwana. Mai motar gudu ya fi kowa shiga haɗari. Harafin da ke bayan lambar girman taya shi ne iyakar gudunta: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Tayoyin sanyi da yawa harafinsu bai kai wanda kamfanin motar ya tsara ba.

Wasu sukan ce ai ta fi riƙe titi da damina. Zurfin zane yana korar ruwa, haka ne, amma ruwan Yuni a Legas mai ɗumi ne, kuma a jiƙaƙƙen titi mai ɗumi tayar zafi ta fi ta saurin tsayawa.

Sai shekaru. Mai faci zai danna zanen da ɗan yatsa ya ce, "Alhaji, wannan ko rabi ba ta ci ba." Kai dubi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen tayar, su ne lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC takan ce kada taya ta wuce shekara 4. Michelin ya ce a riƙa dubawa duk shekara bayan 5, a canza kafin ta wuce 10. Taya ba ta fashewa don ranar ta cika, amma tsohuwar roba tana bushewa ta tsattsage ko zanenta na nan daram.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, muka dogara da na waje. Tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su, duk da haka sun cika kasuwa, saboda kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin mutane da yawa. Amma fashewar taya ce ta jawo haɗarin da ya kashe minista James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016.

Ɗan'uwa, in za ka kama hanyar Ibadan ka nufi Arewa, tsuguna ka karanta gefen tayarka. In ka ga hoton dutsen nan, cire ta ka sa ta zafi ko ta kowane yanayi.