Tsohuwar Marsandi 911: A San Injinta Kafin A Tayar Da Ita

A garuruwanmu da yawa akwai wata tsohuwar babbar mota mai bodin katako da aka jingine a bayan gida ko gefen kasuwa, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Galibi Mercedes-Benz 911 ce, wadda muke kira Marsandi, mai gajeren hanci. A Jamus aka fara ƙera wannan samfuri a 1959, daga baya kamfanin ANAMMCO da aka buɗe a Inugu a 1980 ya riƙa harhaɗa manyan motocin Marsandi a nan gida. Ita ce ta yi shekaru tana kwaso doya daga Zaki Biam da citta daga Kachia. Da kuɗin sabuwar mota ya fi ƙarfin talaka, sai magada da ƙungiyoyin manoma suka fara waiwayar ta.

Kafin a taɓa sufana, a fara sanin wane inji ne a ciki. Lambar da ke jikin ƙofa ba hujja ba ce. Ma'anar 911 ita ce nauyin kusan tan 9 da ƙarfin doki kusan 110, amma motar da ta yi shekara arba'in a hanya da wuya a ce ba a taɓa sauya mata inji ba. A kankare datti a jikin injin a nemo lambarsa. Idan ta fara da 352 ko 353, to OM 352 ne, mai silinda shida a jere, lita 5.7, wanda ya fito a 1964. Waɗanda suka riga shi, irin su OM 312 da OM 321, suna da filogin ɗumama silinda, domin ba kai tsaye suke fesa gas a kan fistin ba. OM 366 kuwa, wanda ya gaje shi a 1984, ya ɗan fi shi girma. Sun yi kama ƙwarai a ido, kuma nan ne ake asara: mutum ya je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo ringi da gasket, ya dawo ya tarar ba su hau ba.

Babban kuskuren da muke gani shi ne gaggawar ɗaura batir. Injin da ya daɗe a kwance, bangon silindarsa ya bushe, wataƙila ma ruwan sama ya bi ta salansa ya shiga. A cire nozul duka shida, a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, a bar shi kwanaki. Sannan a juya injin da hannu, zagaye biyu cikakku. In ya cije, kada a ja motar da wata motar don a tilasta masa. Sai a buɗe kansa a duba. A zubar da tsohon baƙin mai da tsohon gas, a wanke tanki, a sauya filta, a cika lagireto. Bayan haka a yi ta danna ɗan famfon hannu har iska ta fita daga layin gas.

Akwai wani haɗari da ƙananan makanikai ba su cika sani ba. A cikin famfon injekta akwai wani siririn ƙarfe mai kai da komo, shi ke auna yawan gas. Idan tsatsa ta riƙe shi a buɗe, injin zai tashi ya yi ta ƙara gudu, totur ba ya jin magana, har ya farfashe. Don haka a tabbata yana motsi sumul, kuma mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin shan iska, ya toshe shi in abin ya ɓaci. Ba da tafin hannu ba, ba kuma da tsumma ba, injin zai zuƙe shi.

In ya tashi, ido a kan agogon baƙin mai. Allura ba ta ɗaga cikin 'yan daƙiƙu ba, a kashe. Farin hayaƙi da farko ba abin tsoro ba ne, amma shuɗi mai ɗorewa alama ce ringi ya gaji. Kuma kada murna ta sa a fita titi ran nan, sai an gwada birki a fili, babu kaya, babu fasinja.