Koya Wa Yaro Mai Rashin Natsuwa Zama Da Mutane

A garuruwan ƙaramar hukumar Kafur, kamar Masari da Gozaki da Mahuta, akan sami yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya. A makarantar allo yana ta mutsu-mutsu. In an aike shi sayen gishiri, sai ya mance a hanya. Yakan katse manya suna magana. A wurin wasa ba ya jira a zo kansa, sai faɗa ya tashi. Daga nan yara su guje shi. Wasu su ce taurin kai ne, wasu su ce iska ce.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan larura. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, Joj Sitil, ya yi bayaninta. Tana samun kimanin yara 5 cikin 100 a duniya. An fi ganinta ga maza, kuma takan bayyana kafin shekara 12. Sau da yawa gadonta ake yi. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke shan wuya wajen tsayar da hankali. Duka ba ya maganinta, sai dai ya ƙara wa yaro fushi.

Zama da mutane abin koyo ne, kamar riƙon fartanya. Ga yadda iyaye da malamai za su yi:

1. A koya masa abu ɗaya a lokaci guda. A fara da gaisuwa. In ta zauna, a shiga jiran mai magana ya gama.

2. A kira sunansa, a dube shi, a faɗi umurni gajere. A sa ya maimaita.

3. A buga dara da shi, yarinya kuwa carafke. Wasannin nan suna koyar da jira da haƙurin shan kaye.

4. A haɗa shi da aboki ɗaya mai sanyin hali, kafin a sa shi cikin taron yara.

5. Da zarar ya yi daidai, a yaba masa nan take.

6. A ba shi aikin motsa jiki, kamar ɗebo ruwa ko ɓarar masara.

Darasin aji kaɗai bai isa ba. Sai an maimaita kullum a gida da gona da dandali.

In abin ya hana shi karatu, a kai shi Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa. Daga can ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Shika, kusa da Zariya. Kada a sayo masa magani a kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.