Kifin Tafkin Sufiriya da Abin da ya Kusa Ƙarar da Shi

A kan iyakar Kanada da Amurka akwai wani tafki da ake kira Sufiriya, mai faɗin murabba'in kilomita 82,000. Domin masu karatu su kwatanta, ya ninka Tafkin Cadi sau uku da ɗoriya, ko da an auna na Cadin a cikarsa ta shekarun 1960. Ruwansa na daɗi ne, babu gishiri, amma sanyinsa ya wuce misali, kuma zurfinsa a wani wurin ya kai mita 406. A cikin wannan ruwa wani kifi yake zaune, wanda Ojibwe, mutanen wurin na asali, suke kira namegos, masu Faransanci na Kebek kuma suke ce masa touladi. Jikinsa toka-toka ne da ɗigon fari, namansa mai maiƙo. A 1961 an taɓa kama irinsa mai kilo 46 a Tafkin Atabaska na Kanada, ko da yake yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce kilo biyu zuwa biyar ba.

Wannan kifi ba ya son ɗumi ko kaɗan, shi ya sa sunsa yake bin lokutan shekara. Idan ƙanƙara ta narke, yakan taso kusa da gaɓa, har mai fatsa ya same shi ba wahala. Da ruwan sama-sama ya yi ɗumi sai ya nutsa ƙasa, masunta kuma su ɗaura wa igiya darma mai nauyi, su saka wani ƙarfe mai sheƙi kamar cokali kusa da ƙugiya, su riƙa jan jirgi a hankali har kifin ya ɗauka ƙaramin kifi ne ya kai cafka. A tsakiyar hunturu kuwa, lokacin da lungunan tafkin suka daskare, mutum zai taka ƙanƙara da ƙafa, ya huda rami, ya zura fatsa, ya zauna yana jira cikin sanyin da mu nan ko a jaurar Janairu ba mu san irinsa ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne jinkirin girmansa. Sai ya shekara shida, bakwai ko fiye kafin ya fara haihuwa. Wajen watan Oktoba yake zuba ƙwai a tsakanin duwatsun ƙarƙashin ruwa, ba ya gina sheƙa, ba ya gadi, ƙwan kuma sai ya kwana watanni kafin ya ƙyanƙyashe. Kifi mai irin wannan hali, idan aka kwashe manyansa, maye gurbinsu ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Daga 1920 zuwa 1950 masunta na fitar da kusan kilo miliyan 2 na wannan kifi kowace shekara daga Sufiriya, da manyan raguna. A ganinmu, tun a nan aka fara cin uwar kuɗi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata halitta ta tekun Atilantika, wadda ake kira lamproie da Faransanci, ta shigo. Siffarta kamar maciji, aikinta irin na matsattsaku: bakinta zagayayye ne cike da haƙora, takan manne a jikin kifi, ta huda fata, ta yi ta tsotsar jini. Guda ɗaya na iya hallaka kifin da ya kai kilo 18 a rayuwarta. Da can gangaren ruwan Niyagara ya tare mata hanya, amma ƴan Adam suka haƙa mashigin Welland don jiragen kaya su kewaye gangaren, ita ma ta bi ta nan. An gan ta a Sufiriya a 1938. Zuwa 1964 abin da ake kamawa a shekara bai kai kilo 100,000 ba, gidajen masunta da yawa suka jingine sana'ar iyayensu.

Ƙasashen biyu sun rattaba hannu kan yarjejeniya a 1954, suka kafa hukuma guda ta kula da sun manyan tafkunan. Masana suka lura cewa ƴaƴan wannan halitta kan shafe shekaru a cikin laka a ƙoramun da ke kwarara cikin tafki kafin su zama masu shan jini, saboda haka can ya kamata a tare su. Bayan gwada magunguna kusan 6,000, aka dace da wani mai suna TFM, wanda yake kashe su ya bar yawancin kifaye. A 1958 aka fara zuba shi. Sannan aka rufe sun kasuwa a sassa da dama a farkon shekarun 1960, abin da ya yi wa masunta zafi ƙwarai, aka kuma riƙa renon ƴan kifaye ana sakinsu a tafkin shekara da shekaru. A tsakiyar shekarun 1990 kifin ya koma haihuwa da kansa yadda ya kamata, har aka daina sakin na reno a yawancin sassa. A Nuwamba 2024 hukumomin da ke kula da tafkin suka bayyana cewa ya farfaɗo.

Yanzu ana su, amma da ƙa'ida: akwai adadin da mai fatsa zai tafi da shi gida a rana, akwai lokacin da ake rufewa saboda zuba ƙwai, masu ragar kasuwa kuma, cikinsu har da Ojibwe, kowa da kasonsa. Ita kuwa mai shan jinin ba a ƙarar da ita ba, rage ta aka yi da kusan kashi 90 cikin 100. Bayan 2020 da 2021, lokacin da annobar korona ta hana ma'aikata isa ƙoramu da yawa, adadinta ya sake hawa, masunta suka koma ganin tabon bakinta a jikin kifin da suka jawo.