Ciwon marar da ba ya jin maganin sanyi

Daga Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, in mace ta ce mararta na ciwo, amsa guda ce take samu: ciwon sanyi ne. Sai ta sayi kafso wajen mai tebur ranar kasuwa, ta sha, ta ƙara sha, ciwo kuwa yana nan. Akwai wani ciwon mara wanda babu ƙwayar cuta a cikinsa ko kaɗan. Jijiyoyin jini ne da ke kewaye da mahaifa suka saki, suka kumbura, jini yana kwanciya ciki maimakon ya koma zuciya.

Ya fi kama matan da suka haihu sau da yawa, domin kowane ciki yana buɗa waɗannan jijiyoyi. Ciwon ba ya suka, nauyi ne da tsami, sau da yawa a gefen hagu, kuma yakan wuce wata 6. Da safe da sauƙi. Amma bayan daka da jan ruwa, ko yinin dashen albasa a fadamar Galmi, mara sai ta yi kamar an ɗaura mata dutse. Yana ƙaruwa gab da al'ada da bayan kwanciyar aure. In ta kwanta ta ɗaga ƙafafu, sai ya lafa. Wannan alama ce babba, a faɗa wa ungozoma ita.

A asibitin Ƙonni, ko na Galmi, ko Tawa, za a fara duba ko sanyin ne da gaske, ko ƙari a mahaifa. Hoton ciki da ake kira ekografi yana iya nuna jijiyoyin. Likita kan ba da maganin rage ciwo, da wani magani mai suna medroksiprojesteron, irin wanda ke cikin allurar tazarar haihuwa ta wata 3. Tun 1993 likitoci a ƙasashen waje suna toshe jijiyar da ta lalace ta hanyar zura siririn bututu, ba tare da yanka ciki ba, sai dai aikin yana bukatar na'urori masu tsada. Galibi ciwon yana raguwa da kansa idan al'ada ta ɗauke.

Maigida, ba ragganci ba ne. A rage mata tsayuwa, a ba ta kuɗin mota. In kuwa ciwon ya zo da zazzaɓi, ko ya taso farat ɗaya bayan ɓatan wata, wannan wani abu ne daban: a kai ta likita ranar, kada a jira safiya.