Ƙwannafi da Yadda Ake Maganinsa

Ƙwannafi, wanda wasu ke cewa ƙwarnafi, shi ne zafin nan da kan taso daga ƙahon zuci ya nufi maƙogwaro, sau da yawa tare da gyatsa mai tsami. Mutane kan haɗa shi da gyambon ciki su kira su duka "olsa", alhali ba abu ɗaya ba ne.

Tumbi yana fitar da wani ruwa mai tsami domin narkar da abinci. Daidai inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai tsoka mai kamar zobe, wadda ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ta rufe. Idan ta saki, sai ruwan ya komo sama ya ƙona bututun, domin shi ba shi da kariya irin ta tumbi. Ƙiba da juna biyu da shan taba duk suna kawo wannan. Ga wasu kuma, abinci mai maiƙo, barkono, goro ko shayi mai ƙarfi ne ke tayar da shi. Lokacin azumi abin kan ƙaru, ganin yadda ake cika ciki da sahur a koma a kwanta.

Magani yana farawa ne daga gida. Mai ƙwannafi ya rage yawan abin da yake ci a zama ɗaya, ya bar kamar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, ya kuma ɗaga gadonsa ta wajen kai da santimita 15 zuwa 20. Rage ƙiba na taimakawa ƙwarai.

Hausawa sun daɗe suna shan jiƙon kanwa, kuma da gaske tana kashe tsamin nan take. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, ga shi tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda bai dace da mai hawan jini ba. Likita kan rubuta ƙwaya irin su omeprazole, wadda ke rage fitar ruwan tun daga tushe. Ana shan ta kamar rabin awa kafin karin kumallo, na mako 4 zuwa 8. Ba a cika kaiwa ga tiyata ba.

Wanda abinci ke tsaya masa a ƙirji, ko yake ramewa, ko aman jini, ko baƙin kashi, ya ga likita ba da jinkiri ba. Haka ma ciwon ƙirji mai zuwa da gumi da sarƙewar numfashi, domin ciwon zuciya kan zo da kamar ƙwannafi.