Filasko da Danginsa a Kasuwar Kurmi

A Kasuwar Kurmi, wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, hanci ne ke fara sanar da mutum ya iso layin masu magani. Ga kimba da kanumfari, ga sassaƙe da saiwoyi ɗaure-ɗaure, ga bagaruwa a buhu. Amma in ka ɗan zauna kan benci, za ka ji yawan masu raɗa cewa ciki ya cushe, a ba su na wankin ciki.

Nan ake jawo buhun filasko, ko na sanamaki, ɗan'uwansa wanda Sudan da Indiya ke fitarwa duniya. Ganye ne ƙanana, masu kakkaryewa a tafin hannu. Dattijon da ya gaji sana'ar ba ya ɗiba sai ya yi tambaya: "Hajiya, wa zai sha? Ba mai juna biyu ba ce ko? Ba yaro ba ne?" Sannan ya tsakuro da yatsu uku ya ƙulle, ya ce a jiƙa a sha da dare.

Wannan sha da dare yana da dalili. Sinadarin sanosaid da ke cikin ganyen yakan wuce tumbi bai yi komai ba, sai ya isa babban hanji bakteriya su farfasa shi, hanjin ya motsa, ruwa ya taru a ciki. Hakan kan ɗauki awa 6 zuwa 12, shi ya sa asuba ke zuwa da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa sanamaki cikin jerin muhimman magunguna.

Tafasa da rai-ɗore duk dangi ɗaya ne da filasko da sanamaki. Ita tafasa kwaɗo ake yi da ganyenta, 'ya'yanta kuma dillalai ke saye a kai Sin. Ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore kuwa guba ne, ga dabba da yaro.

Abin da ke damuna shi ne masu tallar magani da amsa-kuwwa a bakin titi, da jiƙo a jarka, ba tambaya ba awo. Wanda ya mayar da wankin ciki abin kullum, fotasiyam ɗin jikinsa kan ragu har ya taɓa bugun zuciya, ga murɗa da kasala. Dattawan layi kan ce a sha sau ɗaya a huta, in kuwa an ga jini a bayan gida, a nufi asibiti.