Ƙwai ko burodi da bota: Me ya sauya game da maiƙo a karin kumallo?

Idan kuna hana maigida ƙwai da safe don tsoron kwalastarol, kuna ba shi farin burodi da bota da shayi mai cokali uku na sukari, to ku sani shawarar masana ta sauya.

A 1980 Amurka ta fitar da ƙa'idojin cin abinci na farko ga jama'arta, inda ta ja kunne kan maiƙo da kwalastarol, kuma saƙon ya bazu a duniya. Amma a 2015 ta cire iyakar miligiram 300 na kwalastarol a rana, domin an gano cewa ga yawancin mutane, irin maiƙon da suke ci ya fi ƙwai tasiri a jininsu.

Yanzu abin dubawa shi ne wane irin mai ne. Mai daskarewa, irin su man shanu da kitsen nama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke ba jiki a rana. Kusan rabin manja ma irin wannan maiƙon ne, don haka a sa shi daidai wa daida. Man gyada da man waken suya da maiƙon kifi sun fi alheri ga zuciya.

Mafi haɗari shi ne man da masana'antu ke daskararwa, wanda ake samu a wasu nau'o'in bota da biskit da kek. A 2018 hukumar ta nemi a kawar da shi daga abinci, kuma dokar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai.

Wannan ya fi shafar mazauna birane irin su Legas da Ibadan, inda sammakon fita aiki da makaranta ke sa a dogara da burodi da shayi. Cire maiƙo a cike gurbinsa da sukari da farar fulawa ba riba ba ce, yunwa ma takan dawo tun da hantsi.

Ku gwada dafaffen ƙwai, ko alale, ko kunun gyada mai ƙarancin sukari. Koko da ƙosai ma abinci ne mai kyau, sai dai ku lura da kaskon mai suya: man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi, ku guje shi.

Mai ciwon sukari ko ciwon zuciya kuwa, ya tambayi likitansa yawan ƙwan da ya dace da shi.